Kasko a Ƙarƙashin Mota

A shekarun da kuɗin man fetur ke zuba, kowa a layinmu na Nassarawa GRA ya yi sabuwar mota ban da ni. Ni wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas na saya a hannun wani Bature ɗan kwangilar hanya da zai koma gida. Abin da ya ruɗe ni da ita shi ne ba ta da kuloci, ita ke canja giya da kanta. Ina son motar nan, ba na ɓoyewa.

Direbana dattijo ne mutumin ƙasar Gumel, wanda ya tsufa a tuƙin manyan motoci. Baba nake kiransa. Ba ya surutu, ba ya makara, iyalinsa kuma suna Hotoro.

Wata safiya cikin sanyi na fito da wuri, sai na hango hayaƙi a gindin motar. Na leƙa, ga kasko cike da garwashi a ƙarƙashinta, ga Baba a tsugune yana fifita. Ni mutum ne mai saurin fushi, har yanzu ban warke ba.

"Baba, ƙona mini mota za ka yi?"

"Ranka ya daɗe, sanyi take ji. Haka muke wa manyan motoci."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce wannan ba motar ɗaukar gyaɗa ba ce, ya ba ni makulli. Ya miƙo da hannu biyu, ya fita.

Washegari na shiga da kaina. Na sa giya, na taka totur, inji ya yi ta ruri, mota ko motsi. Mai gadi da mai ban-ruwan fulawa suka zo suka tura, a banza. Sai da rana ta ɗaga sannan ta ja, da wani irin fizga. Kwana uku ina makara a ofis. Makanikin da na kira ya saurare ni yana murmushi. Ya ce man giyarta ne ke yin kauri da sanyi, ga tsufa, sai ta ɗumama take kamawa. Ya tambaye ni yadda aka yi ban taɓa lura ba, sai na tuna kaskon Baba.

A rana ta huɗu na nufi Hotoro, kunya ta ishe ni. Na yi sallama, matar Baba ta amsa daga bayan ƙofa.

"Ai ya tafi aiki gidanku tun bayan asuba, kamar kullum."

Na ce to, mun yi saɓani ke nan, na juyo.

A bakin layinmu na same shi, ƙarƙashin wata darbejiya, sanye da kakinsa a goge. Ashe nan yake wuni, in la'asar ta yi ya koma gida. Na tsaya, na fito, na fara haɗa maganar ban haƙuri. Bai bari na yi nisa ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan motar, ya ɗan saurari injin.

"Ranka ya daɗe, ka wahalar da ita," in ji shi. "Koma wancan gefen."

Na zagaya na zauna.