Kabarin Kaka a Bayan Katangar Mishan

Warin kyandir ne ya tono mini wannan magana. A shekarar korona, ni da wata nas 'yar Filifin muke zaune ɗaki ɗaya a unguwar Old Airport, nan Doha. Da aka rufe coci, kyandir take kunnawa ta yi addu'arta, sannan ta jawo wani tsohon littafin labari na ƙasarsu. Ta ce a makaranta aka tilasta musu karanta shi, sai yanzu ta gane abin da yake faɗa: zamanin Turawan mulki, gwamna na da bindiga, amma limaman coci ne ke riƙe da gona da aure, har da ramin da za a saka mutum.

Na ce mata, "Ai marubucin nan kamar ya zo garinmu."

Mu a ƙauyenmu Turawan mulki sun daɗe da tafiya, na coci suka yi zamansu. Kakata ta wajen uba ta tsufa tana kai ruwa da itace gidan Fada, wato Baturen limamin cocinmu, da damina kuma ita ke nome masa gonar bayan ɗaki. Burinta ɗaya ne, kuma kullum sai ta faɗa: in ta mutu a kwantar da ita kusa da mijinta a maƙabartar mishan.

Wata bazara baƙon dauro ya kwantar da ni, maganin asibiti ya ƙi ci. Kaka ta ɗauki kaza ta kai gindin dutse, inda iyayenta suke roƙo tun kafin zuwan coci. Na warke. Wani ya kai tsegumi, Fada ya hana ta cin jibin Ubangiji a coci.

Da ta rasu bayan girbi, ya zo tsakar gidanmu da farar rigarsa. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne, babana ne tafintansa. Fada ya yi magana da Turanci, ya tsaya yana jira. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce wa ƙannensa, "Wai ba za ta shiga maƙabarta ba. A bayan katanga za a haƙa."

Da bakin ɗanta aka kore ta. Mutumin da ya sha ruwan da ta ɗebo a kanta bai ko ɗaga labulen ɗakinta ba. Washegari Baba ya koma aiki, domin a makarantar mishan muke karatu. Na daɗe ina jin haushinsa kafin in gane wanda ya kamata in ji haushi.

Lokacin gasar kofin duniya na samu hutu na je gida. Fadan yanzu ɗan ƙasarmu ne, mai fara'a. Maƙabarta ta cika, an rushe tsohuwar katanga an matsar da ita, kabarin Kaka ya faɗo ciki. Ƙanena sai murna yake, wai burinta ya cika. Ni ban yi murna ba. Ba wanda ya ba ta haƙuri, fili kawai suke bukata.