Ƙwarin Fiya da Ban Taɓa Gani Ba

Shekara shida na yi ina kula da wata gonar fiya a bayan Karu, ta hanyar Karshi. Mai ita tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mu dai Oga muke ce masa. Kullum bayan sallar asuba nake barin Nyanya, in kutsa cikin bas, in sauka in hau acaɓa, in ƙarasa da ƙafa. Kafin in taɓa fartanya na riga na gaji. Ni manomin wake ne daga ƙasar Katsina, ban taɓa ganin fiya a kan bishiya ba sai da na zo Abuja. Amma na koya, kuma ba yabon kai ba, bishiyoyin nan sun yi kyau a hannuna.

Abin da Oga bai sani ba shi ne idona ya fara tafiya. Yanar ido ce ta soma rufe na dama, na hagun ma ya biyo baya. Ina ganin bishiya, ina ganin mutum, ina gane motar Oga tun daga nesa, amma ƙaramin abu sai dai in laluba. Ban faɗa wa kowa ba, har matata. A gabana Oga ya sallami maigadin gonar don kawai ya lura ya fara jan ƙafa, ya ce gona ba wurin hutun tsofaffi ba ce. Ni kuwa da aikin nan nake riƙe da ɗakinmu guda a Nyanya, da shi muke ci. Idan ya kuɓuce, wa zai ɗauki ɗan shekara hamsin da takwas da ba ya gani sosai?

A shekara ta biyar fiyar ta fito da wani irin tabo. Fatarta ta yi ruwan ƙasa, ta yi kaushi kamar faso. Cikinta lafiya lau, na yanka na ci, amma masu kantunan cikin gari da Oga ke kai wa suka ce ba sa so. Mutanen Abuja da ido suke cin abinci. Oga ya yi faɗan da zai yi, sannan wata Asabar ya zo da malamar gona, yarinya sa'ar 'yata, da takalmin roba da farin faranti na tasa a hannu.

Ta tara farantin a ƙarƙashin reshe, ta bubbuga ganyen da yatsa, ta kira ni. "Baba, zo ka gani. Waɗannan ƙwarin su ake kira tirips. Duk gonar nan akwai su, amma ba iri ɗaya ba ne."

Na matsa. Ta ce iri uku ne a wurinmu. Akwai masu ruwan ɗorawa da ke zama cikin fure, waɗannan a ƙyale su, ba su ne ke ɓata fiya ba. Akwai baƙaƙe da ke ɓuya a inda 'ya'ya biyu suka jingina da juna. Sai kuma wasu da 'ya'yansu ke da jan layi a tsakiyar ciki kamar sun yi ɗamara, suna zama a bayan ganye. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke kankare fatar fiya tun tana ƙarama, tabon ya girma tare da ita. Kowanne bai kai ƙwayar gero ba, in ji ta, ko rabinta.

"Ka ga jan nan?" Ta miƙo mini ɗan gilashinta na ƙara girma.

Na kafa ido. Wallahi babu abin da na gani sai farin haske da wasu ɗige-ɗige kamar an barbaɗa toka. Oga yana tsaye a bayana, ina jin ƙamshin turarensa. Na ce, "Na gani, Malama. Ga shi nan kuwa."

Haka aka tashe mu. Babba ko mai ilimi ya nuna maka abu, ka ce to. Ma'aikacin gona a garin nan bai isa ya ce a sake masa bayani ba, balle ya ce bai gani ba. Ta ji daɗi, ta ce Baba akwai kaifin ido. Ta bar mini farantin, ta ce duk mako in buga in duba in gaya wa Oga irin da na samu. Ta kuma ja mini kunne har sau biyu: komai na gani, kada in yi feshi lokacin da bishiya ke fure, saboda ƙudan zuma ne ke sa furen ya zama ɗa.

Daga nan na shiga uku. Duk Asabar waya ta yi ƙara: "Baba, wane iri ka gani?" Wani makon in ce masu ɗorawa, wani makon in ce baƙaƙe kaɗan. Ƙarya ma aiki ce, tana gajiyar da mutum fiye da ɗaukar ruwa. Nakan zauna a gindin bishiya da farantin nan ina juya shi a rana, in rufe ido ɗaya, in buɗe, in goge hawaye da bakin riga, har kaina ya ɗauki ciwo. Nakan ji haushin yarinyar, in ji haushin Oga, in ji haushin ƙwaron da Allah ya yi shi ƙarami haka, sannan in dawo kan kaina.

Da rani ya shigo bishiyoyin suka cika da fure. Na buga reshe, sai na ga farantin ya yi duhu-duhu, abin ya fi na kullum yawa. Wane iri ne? Oho. Sai manomin waken da ke cikina ya tashi. A garinmu, idan ƙananan ƙwari suka shiga furen wake ba ka yi feshi ba, ka yi asarar shekara, furen zubewa zai yi ƙasa. Mahaifina haka ya yi, ni ma haka na yi shekara talatin. Na ce a raina, yarinyar nan a takarda ta koyi noma, ni kuwa a kan kunyar gona na koya. Idan na zuba ido tabon ya dawo, Oga ba zai sake saurarona ba.

Akwai ragowar magani a sito. Na goya tankin feshi a baya, na bi bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya da sanyin safiya, daidai lokacin da zuma ke fitowa. Sau uku na yi cikin kwana goma, kafaɗuna har suka saɓule.

Kunnena dai lafiyarsa ƙalau, shi ya fara gaya mini. Da can idan na shiga gonar lokacin fure, sai in ji guuu ta ko'ina kamar injin niƙa daga nesa. Ran nan na shiga na ji tsit. Na tsuguna na shafa ƙasa, na ji ƙudan zuman birjik a ƙarƙashin tafina, sun bushe. Innalillahi. Na daɗe a tsugune a wurin. Furen ya zube, bishiyar da kan ɗauki abin da sai na tokare rassanta da itace, da ƙyar ta riƙe 'ya'ya goma.

Oga ya dawo da malamar. Ta zagaya gonar, ta shiga sito ta fito da galan ɗin maganin da ya koma fanko. "Baba, ka yi feshi a fure?"

Na ce na yi, domin masu jan ɗamarar sun yi yawa.

"A cikin fure? Ai ba nan suke zama ba." Ta karɓi farantin, ta buga reshe, ta duba, ta sa gefen mayafinta ta goge ban lura ba, sannan ta miƙo mini. Ni na ɗauka so take in nuna mata. Na kai shi kusa da hanci, na ɗora yatsa a tsakiya, na ce, "Ga su nan, Malama. Ga ɗaya, ga wani."

Can ta ce, a hankali, "Baba, riƙe mini kawai nake so ka yi. Na goge shi, babu komai a kai."

Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba. Oga bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ajiye farantin a ƙasa. Ya ce in kawo makullin sito, Allah ya ba ni lafiya. Malamar ta biyo ni har bakin ƙofa tana cewa ana yi wa yanar ido aiki a asibiti, ido ya washe, ita ba ta yi don ta tona ni ba. Na ce na sani, 'yata, ba laifinki.

Na isa Nyanya kafin la'asar, lokacin da ban saba dawowa ba. Matata tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Na zauna a kan benci na ce an sallame ni. Ta ce saboda me? Na ce, "Ba na gani." Ita ce ta farko da na faɗa wa da bakina.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, ai na sani. Tun bara waccan, da ka daina yanke wa kanka farce."

"To me ya hana ki magana?"

"Jira nake ka faɗa."

Ta ajiye tiren, ta shiga ɗaki ta ɗebo mini ruwan alwala, ta sa butar a hannuna maimakon ta ajiye a ƙasa.