Alawar da Inna Ta Sha a Kurayyat

Inna, mahaifiyata, ba ta jiran a miƙo mata tsaraba. In baƙo ya sauka a gidanmu na Kurayyat, a ƙasa mai tsarki, kafin ya gama alwala ta zuge jakarsa. Haka ta yi wa ɗan yayana da ya zo umara daga Kanada. A aljihun jakar ta sami wata alawa mai danƙo, ta sha har uku.

Bayan azahar na tarar da ita a ƙofar kicin tana dariya ita kaɗai. Can dariyar ta koma kuka, ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta za ta fito. Da ɗan yayan nawa ya ga ledar alawar, sai ya juyo gare ni.

"Gwaggo, wiwi ce a ciki. A can doka ta yarda, a kanti ake sayarwa. Wallahi mantawa na yi da ita."

Ban taɓa jin ina son marin mutum kamar ranar ba, amma mari ba zai warkar da Inna ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, umara ta zo tun shekarun baya ta yi zamanta. In na kai ta asibiti aka gwada jininta, ita a tasa ƙeyarta Najeriya, shi kuwa Allah kaɗai ya san makomarsa. In na bar ta a gida, tsohuwa ce mai hawan jini.

Maƙwabciyata, 'yar Nijar, tana aikatau a gidan wata likita Balarabiya. Da ta ji kukan Inna, ko shawarata ba ta nema ba ta buga wa likitar waya. Na so in yi faɗa, tsoro ya hana ni.

Likitar ta zo da kanta. Ta zauna a tabarmarmu, ta auna jinin Inna, ta tambayi guda nawa ta sha. Ta ce a ƙasar da ta yi karatu ta sha ganin irin haka, yara da tsofaffi suna ɗauka alawa ce kawai. Ta dube ni ta ce in jinin ya ƙara hawa, asibiti za mu, ko me zai biyo baya. Na ce na yarda, hawaye na zubo mini.

Dab da magariba jinin ya sauka, Inna ta yi barci. Na raka likitar ƙofa ina jiran ta tambayi takardu.

"Halas, shi ke nan," in ji ta. "Ku ba ta ruwa in ta tashi."

Inna ta ƙara shekara huɗu tare da mu kafin ta rasu a ɗakinta. Duk ranar da na yi mata addu'a, sai na haɗa da matar nan.