Reshen da Kawu ya hana ni sarewa

Jiya da hantsi, a lambunmu na bakin ruwa kusa da Bakura, na ga 'yar tsuntsuwar nan mai kama ƙudaje. Kanta baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bayanta ja, doguwar wutsiyarta tana lilo kamar zare a iska. Ta tashi daga reshen mangwaro, ta cafke ƙuda a sama, ta komo daidai inda ta bari. Sai na ji kamar Kawu, yayan mahaifiyata, yana zaune bayana bisa buzunsa.

Daminar da ya rasu, na zo da gatari zan sare reshen nan, don inuwarsa tana kashe mini irin albasa. Lokacin idonsa ya yi rauni, amma kunnensa garau.

Ya ce, "Dakata, ɗana. Mi kaka gani cikin gwafar can?"

Na duba. Sheƙa ce ƙarama kamar kofin shayi, an ɗaure ta da saƙar gizo.

"Ta riga ka zuwa," in ji shi. "Bari ta tashi da ɗiyanta."

Na yi ta ƙunƙuni, fangalin albasa biyu suka lalace. Shi kuwa kullum yana zaune yana sauraron kukanta, carbi na tafiya a hankali cikin yatsunsa. Kafin 'ya'yan su yi fiffike muka kai shi makwancinsa.

Reshen yana nan, ni ne na janye albasata. Allah ya sa Kawu cikin inuwar da ba mai sarewa.