Ranar da Biri Ya Ɗauke Takardun Inna

Wata Alhamis ce a watan Agusta na shekarar da na cika goma, ina tsaye bakin wani tsohon wurin bauta a garin Lopburi na ƙasar Tailan, ina kallon wani ƙaton biri a kan katanga rungume da ledar kilishin mahaifiyata. Ni dariya abin ya ba ni, sai da na juya na ga Inna. Ta dafe ƙirji, mayafinta ya zame ƙasa ba ta ma sani ba. A cikin ledar nan fasfo ɗinmu suke, da takardarta ta zama a Faransa.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. A Sevran na tashi, a gefen birnin Faris, a hawa na takwas na wani bene, kuma tun ina ƙarama ƙafata ƙaiƙayi take yi. In an aike ni sayen burodi sai na zaga unguwa kaf, na tsaya 'yar gala-gala a farfajiya, burodin ya dawo babu kai. Inna 'yar Damagaram ce, fatauciya, tana saro takalma a Bangkok tana sayar wa masu shaguna a unguwar Belleville ta Faris, ni kuma aikina haɗa ƙafa da ƙafa da sauke kwalaye wurin shara. A wannan hutun Baba ya tafi gida, babu mai iya riƙe ni, dole ta tafi da ni. Kafin mu tashi na riga na cika lakwal ɗinmu, wato makaranta, da labarin giwaye da biran da zan gani. Amma kwana biyar muka yi daga rumfa sai rumfa, daga kasuwa sai ɗakin otal. Muna wuce masu gasa kifi da masu soya taliya, ƙanshi na jan hancina, ita tana jan hannuna tana cewa, "Wa ya san abin da suka zuba ciki?" Garin rogo da kilishin da ta ƙunso daga gida su ne safe, su ne rana. Na ƙosa, na sa ta gaba da mita har ta ce, "Ke Rabi, naci damben kuturu. Gobe mu je ki ga biran, in huta."

Inna tana da wata dabara da ta koya a jirgin ƙasan Faris, inda 'yan sane ke yanke jakar mata a cunkoso. Takardunta a ƙasan abinci take sa su, cikin leda mai maiƙo wadda ko kyauta ba ka so. "Ɓarawo ba ya neman takarda cikin tuwo," in ji ta, kuma shekara da shekaru dabarar ba ta ba ta kunya ba. Abin da ba ta sani ba, ɓarayin Lopburi abincin kaɗai suke nema. Ko minti goma ba mu yi da sauka daga jirgin ƙasa ba aka fizge ledar daga hannunta.

Ta tsaya ƙarƙashin katangar tana roƙon birin kamar mutum, da Hausa da Faransanci: "Malam, don Allah ci naman ka bar mini takarda. S'il te plaît." Ya yage ledar, ya gatsa, yajin Damagaram ya kama shi, ya yi jifa da komai yana dirzar baki a jikin dutse. Kafin in kai hannu wani ƙaramin biri ya sure ambulan ɗin da takardun ke ciki ya haye turken wutar lantarki, yana juya shi yana gwada haƙori. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba ce ta taso, ta cilla masa kwalbar lemo, ya saki ambulan ya cafe kwalba.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. "Shekara bakwai ina bin layi kafin in sami wannan," ta ce, ba da ni take ba. Tsohuwar ta miƙo mana shinkafa mai danƙo da mangwaro a ganye. Inna ta daɗe tana kallon shinkafar, ta yi bismillah, ta ci, ta tura mini saura. A hanyar komawa na takure ina jiran duka, sai kawai ta ce, "To, kin ga gari?" Na ɗaga kai. Ta ce, "Ni ma yau na fara ganinsa."

Yanzu a Lyon nake aiki, har yau ban iya zama wuri ɗaya ba, ina ƙetare iyaka gabana bai faɗi ba. Inna tana nan Sevran, gwiwa ta raba ta da fatauci, kuma duk lokacin sabunta takardarta ni nake hawa jirgi in raka ta, in bi layin tare da ita har gaban tagar ofishin. Sai na girma na gane girman abin da ta fita da shi ranar don kawai in ga biri. Kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa goranta mini ba.