Boga a Tandar Masa

Babana mahauci ne, ɗan mahauci, a kasuwar Jega. A gidanmu mun tashi da sanin cewa nama abu ne da ake kokawa da shi: a kama, a ja, a tauna har jijiyar wuya ta miƙe. Dambun nama kuwa, a wurin Baba, abincin amare ne da masu jego. Ko sunansa aka ambata a gabansa sai ya ja tsaki.

To, a shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan jihar Kebbi, su ma haƙoran Baba suka fara neman tasu jihar. Na ciki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, na gaba suka bi sahu. 'Yan kaɗan da suka rage ba sa ga-maciji da juna, wannan yana sama can, wancan yana ƙasa nan, ba ranar haɗuwa.

Amma wa ya isa ya ce Baba ba shi da haƙori? Shi dai cewa ya yi nama ya gundure shi.

"Abin da nike gani tun sahe har marece, mi za ni ci gare shi?" in ji shi. Sai ya ture tsoka gefe ya kurɓi romo.

Ƙarya ce, kuma duk gidan mun sani. Innarmu ta ce takan ga yana bin ƙanena da kallo idan yana gwaguyar ƙashi. Baba ya rame, babbar riga ta koma rataye a jikinsa kamar an shanya ta a kan dangar kara. Ni ce autar mata, wadda ya saba ɓoye wa hanta a aljihu tun ina ƙarama, don haka abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Lokacin ina aure a Aliero. Maigidana falken albasa ne, yana kai ta Ikko a babbar mota. Wata dawowa da ya yi, tun bai cire takalmi ba ya fara ba ni labari.

"Wani mai sayen kayana yak kai ni wani gidan abinci, gilashi ko'ina, ga sanyi awa cikin randa. Anka kawo man burodi kewayayye, an tsaga shi an sa nama ciki. Boga sunanshi."

"To, da daɗi?"

"Daɗi kam akwai. Amma albasa! Yanka guda, siriri, in kin ɗaga shi kina hangen mutum ta ciki. Ni da nik kai musu mota cike!"

Ya daɗe yana mita a kan wannan cin mutunci da aka yi wa mutanen Aliero. Ni kuwa ban farga ba sai da ya ce naman ma ba a tauna shi, harshe kaɗai ya isa, wai an niƙa shi an dunƙule. Nan na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na ce ya sake faɗi.

Wahala ta farko ita ce sayen naman. Duk mahaucin da ke Jega ko yaron Baba ne ko abokinsa, na Aliero ma rabinsu a hannunsa suka koyi riƙe wuƙa. Ranar da aka ji 'yarsa tana kirɓa nama a turmi, kafin la'asar labari ya isa rumfarsa. Dole maigidana ya hau babur har Maiyama, ya sayo cinya yana waige-waige kamar wanda ya yi sata.

Na kirɓa, na dunƙule, na sa a kasko. Ina juyawa ya watse ya zama dambu sak, abin da nake gudu tun farko. Maigidana ya cinye, ya ce laifin rashin albasa ne. Da muka sake gwadawa shi ya tsaya a kaina yana zubawa, ina cewa ta isa yana cewa ai ba Ikko muke ba. Albasa ta saki ruwa, muka tashi da miya.

Sai da na kore shi daga madafa sannan na gane kan abin. Nama yana son ɗan kitse a jikinsa, da ƙwai da zai riƙe shi, da yaji daidai. Albasa kuma a yanka ta daban a ɗora a sama, ta san matsayinta. Siffar ce ta rage, sai idona ya faɗa kan tandar masa ta uwar mijina. Na shafa mai a gurabenta, na danna naman a ciki, ya fito kewayayye, ya yi ja a gefe, ba inda ya tsage. Burodin garinmu dogo ne, na sa bakin gwangwanin madara na yanko shi daidai. Muka ci a tsaye, mai yana bin hannu, maigidana ya rantse na Ikko bai kama ƙafar wannan ba.

Ranar Juma'a na jera su a kwanon samira muka nufi Jega. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Maigidana ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, sannan ya karanto abin da na koya masa a hanya.

"Baba, abincin manyan Turawa na. Sai mai kwat da taye ka cin shi. Ko gwamna ba kullum yake samu ba."

Yana gama faɗi ya sulale waje, don suruki ba ya tsayawa kallon bakin surukinsa.

Baba ya buɗe kwano. Ya ɗaga burodin sama ya leƙa, ya latsa naman da yatsa yadda yake latsa bayan bijimi a kasuwar shanu.

"Ke, ba dambu na ba?"

Na ce, "Haba Baba, dambu shina tsayuwa haka? Ku ɗaga ku gani."

Ya ɗaga da yatsu biyu, har da girgizawa. Naman bai ba ni kunya ba. Ya yi bisimilla ya kai baki. Inna ta duƙufa kan tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe, ni kuma na ƙura wa bango ido. Da na saci kallonsa, idonsa a lumshe yake, bakinsa yana motsi a hankali, mai ya gangaro cikin gemu. Wallahi da ƙyar na riƙe hawayena.

Ya cinye, ya ɗauki wani.

"Saniyar ga tsohuwa ta," ya ce da baki cike, "kuma ba Jega anka yanka ta ba. Wanda yas sai muku ita ya cuce ku."

Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya share gemu, ya daɗe yana duban abin da ya rage a kwanon. Can ya girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki Turawa," ya ce. "Ashe su ma haƙoran sun ƙare musu."

Rariya ta tsaya a hannun Inna. Su ma! Baba ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya dube ta, ya dube ni. Sai ya yi dariya, baki buɗe, dasashi a waje, bai sa hannu ya kare ba.

"To mi kuke kallo? Miƙo man yaji."