Ayarin Kekunan Fagge

A gidanmu na Fagge ba a sanin tsawon tatsuniya sai an fara ta. Wata rana Kaka ta gama kafin itacen murhu ya zama garwashi, wata rana kuma ta yi ta jan ta har ƙanena ya ɓingire da barci a cinyarta. Mu yara mun ɗauka ganin damarta ne kawai. Sai da na girma na gane ƙararrawar keken Baba ce ke yanke mata zance.

Baba yana aiki a sashen kaya na tashar jirgin ƙasa, ba ya tashi sai bayan magariba. Shi kaɗai ya rage wa Kaka cikin 'ya'yan da ta haifa. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, wanda jiya yake gaishe ka a ƙafa yau ya wuce ka a mota yana danna maka ham. Tirelolin siminti suka cika hanya, direbobi sababbi, titi kuwa na da ne. Akwai wata mararraba tsakaninmu da Sabon Gari da dole mai keke ya ratsa, ba fitila, ba mai ba da hannu. Da zarar Kaka ta ji ƙararrawa a zaure, ko kura na tsakiyar magana ne, sai ta ce, "Ta ƙare, kowa ya nemi shimfiɗarsa."

Ranar da ba na mantawa, an gama cin tuwo muka kewaye murhu, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai ba ta tabarma?"

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Ta ba mu labarin ƙananan namun daji da suke da hanyarsu ta zuwa rafi tun iyaye da kakanni. Wata shekara damina ta yi albarka, giwaye suka ji labari suka dawo dajin, hanyarsu ta gitta ta ƙananan. Bushiya ta fita ita kaɗai, ba ta dawo ba. Kurege ya fita shi kaɗai, ya dawo da rabin wutsiya. Ƙanena ya ce giwa muguwa ce. Kaka ta ce, "Ba mugunta ba ce, ɗan nan. Ba ta ganinsu ne. Abin da ke ƙasa shi kaɗai, giwa ba ta san da shi ba."

Daga nan labarin ya ƙi gaba. Ta sa zomo ya je gaida surukarsa, ta sa kunkuru ya yi ciwon ƙafa, ta ƙirƙiro wa zabuwa waƙa mai baiti-baiti. Mu kuwa daɗi kamar ya kashe mu. Ban lura ba cewa idonta na kan ƙofar zaure, ta kuma bar wutar tana mutuwa ba ta iza ba.

Maimakon ƙararrawa sai muka ji sallama da wata irin Hausa. Emeka ne, mai facin keke na bakin kasuwar Sabon Gari, yana riƙe da Baba. Tirela ta goge shi a mararraba ta wuce abinta, hannunsa na hagu ya karye, keken ya lanƙwashe. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta aika a kira maɗori, ta ce wa Emeka, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Zauna ka ci tuwo."

Washegari 'yan dubiya suka cika zaure, galibinsu masu keke, kowa da labarin ranar da ya sha da ƙyar. Emeka ya ce, "Kullum ana kawo mini keke a murɗe, Baba. Wani mai shi ya zo, wani sai 'yan'uwansa." Iya Sikira, Bayarabiyar maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari, ta leƙo ta ce su mata fa, da kaya a ka da goyo a baya suke ratsa wurin, bas ɗaya babu. Aka yi ta Allah ya kyauta, ba wanda ya ce ga abin yi. A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, mutanen Fagge da na Sabon Gari ana gaisawa ana ciniki, amma ba a cika zama shawara tare ba.

Sai Kaka ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce, "Yara, jiya ban ƙarasa muku ba." Mu take kira, amma zaure take nufi. Ita 'yar madugu ce, mahaifinta ya sha kai ayarin goro, a nan Fagge ma suke sauka. Ta ce kunkuru ya tara ƙananan dabbobi ya ce a yi irin ta fatake. Ba mai barin zango shi kaɗai. Zabi masu kwakwazo su shiga gaba, raunana a tsakiya, a yi tafiya da saurin wanda ya fi kowa nawa. Madugu kuma, babban ayari, a ƙarshe yake, domin duk abin da zai ci ayari ta baya yake zuwa. Giwa ta ji ƙara, ta ga ƙasa na motsi, ta tsaya.

 Sai Emeka ya yi dariya ya ce, "Mama, ni ne zabuwa. Zan gyara wa kowa ƙararrawa kyauta."

Haka ayarin ya samu. Da safe masu keke su haɗu a ƙofar masallacin unguwa, na Sabon Gari su jira su a bakin kasuwa, a ratsa mararraba tare ana kaɗa ƙararrawa, da yamma ma haka. Direbobi suka yi ta zagi, amma suna taka birki. Daga baya ayarin ya ɗauki mai unguwa da Iya Sikira har ofishin hukuma, aka yi ta sintiri. Aka ba da ɗan sanda mai ba da hannu, yana tsayawa kan ganga mai farin fenti. Bas ma ta zo, guda ɗaya tsohuwa, kwananta a gareji ya fi tafiyarta, amma ta zo.

Da hannun Baba ya warke aka ce shi ne madugu, tunda a zaurensa aka fara. Ya ce wa Kaka, "Inna, to ni ne na baya ke nan." Na ga yadda fuskarta ta canza. Na baya shi ne wanda tirela ke numfashi a ƙeyarsa. Ta daɗe tana kallon hannun nan kafin ta ce, "Da bakina na faɗa. Je ka, Allah ya tsare."

Tun daga nan tatsuniya ta gajarce, don ayari kan lokaci yake dawowa. Mu muka yi ta ƙorafi, wai Kaka ta tsufa, labarai sun ƙare mata. Allah ya yafe mana. Yanzu da nake zaman jiran 'yata ta dawo daga makarantar da take koyarwa a adaidaita, ina jan hira da jikokina ba don tana da daɗi ba, na san abin da ke cikin waƙar zabuwar nan mai baiti-baiti, tausayin Kaka kuma yakan kama ni. Na tuna ko a lokacin ayari, kekuna kan shigo lungunmu da ƙararrawa kamar biki, ƙanena ya ce ga su Baba nan, ita kuwa ta ci gaba da labari kamar ba ta ji ba. Ba ta rufe tatsuniya sai ta ƙarshen ta kaɗa.